Kada ka cire ma'aunin hasken nan tukuna

Zuwa ga aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Saƙonka ya iso, na ga hotunan kyamarorin biyu, Nizo ɗin da kuma Krasnogorsk-3. Allah Ya sanya alheri. Sai dai maganar da ka rufe saƙon da ita ce ta sa na zauna rubuto maka doguwar amsa, inda ka ce za ka buɗe Nizo ka yanke wayoyin ma'aunin haskenta tunda fim ɗin farko ya fito da duhu, ka koma auna haske da manhajar waya. Don Allah ajiye sukuddireba mu yi magana.

Kyamarorin nan biyu ba iri ɗaya ba ne ta wajen ma'auni. A Krasnogorsk ma'aunin mai ba da shawara ne kawai: allura tana motsi a ramin leƙe, kai kake murɗa zoben ƙofar haske da hannunka, ko ma'aunin ya mutu injin sifirin zai ci gaba da jan fim. A yawancin kyamarorin fim ɗin Super 8 kuwa, irin Nizo, ma'aunin da ƙofar hasken a haɗe suke. Ƙwayar da ke jin haske tana tura 'yar wuta zuwa wata nadaddiyar waya da ke cikin maganaɗisu, ita kuma tana juya siraran fukafukan da ke buɗe ƙofar ko rufe ta. Akwai kyamarori da yawa waɗanda ko ka juya su zuwa saitin hannu, ta wannan hanyar dai umarninka yake bi. Ka yanke waya a irin waɗannan, sai ƙofar ta tsaya cak a wuri guda, ka yi gyaran gangar Auzinawa.

Kuma ko da a ce taka tana da saitin hannu na ƙarfe zalla, ba zan so ka raina ma'aunin ciki ba. Hasken da ya shigo ta gilashin zum ba duka yake kaiwa ga fim ba. Gilasai masu yawa suna cin nasu, sannan akwai firizim, ɗan gilashi mai kusurwa, da ke karkatar da wani kaso zuwa idonka. Ma'aunin ciki yana zaune a bayan gilashin, an saita shi tun daga masana'anta da lissafin wannan asarar. Na hannu ko na waya bai san da ita ba, shi ya sa masu amfani da shi suke ƙara buɗe rabin mataki ko mataki guda bisa ƙiyasi (ƙarin mataki guda shi ne ninka hasken sau biyu). Masu Bolex H16 Reflex sun daɗe da wannan lissafin: firizim ɗinta yana ɗauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken, don haka a gudun hoto 24 a daƙiƙa, maimakon 1/65 na daƙiƙa da kowane hoto ke shan haske sai su saita ma'aunin hannu a 1/80. Nizo ta riga ta yi maka wannan aikin, in dai ka ba ta wutar da take so.

Nan ne nake zargin matsalarka take. Ka ce ka sa mata ƙananan batura biyu na alkalin da suka shiga ramin daidai. Shiga rami daban, dacewa daban. An ƙera ma'aunin ne don batirin zaiba, wanda ake kira PX625, mai ƙarfin bolt 1.35. Abin da ya sa masu ƙera kyamara suka so shi, ƙarfinsa ba ya sauka a hankali. Yana nan daram a 1.35 har kusan ranar mutuwarsa. Saboda haka ba su wahalar da kansu wajen sa abin daidaita wuta ba, batirin kansa ne ma'aunin ma'auni. Da aka gane illar zaiba ga ƙasa da ruwa da lafiyar mutane sai aka hana shi. Amurka ta yi dokarta a 1996, ƙasashen Turai ma suka hana. Wanda ya maye gurbinsa a siffa, wato alkalin, yana farawa da bolt 1.5, ya riƙa sauka kullum. Biyu a jere sun ba ka 3.0 a inda ake jiran 2.7. Ma'auni ya ga wuta ta yi yawa sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya matse ƙofa, fim ya fito da duhu. Abin haushin shi ne kuskuren ba ya tsayawa wuri guda balle ka haddace shi: a rana tsaka daban, a inuwa daban, sabon batir daban, wanda ya yi wata biyu daban.

Mafita uku na sani, kuma ba daidai nake ganinsu ba.

Mafi sauƙi shi ne batirin na'urar ƙara ji, wanda ke aiki da iska. Ƙarfinsa kusan 1.4 ne kuma ba ya sauka da wuri, ya yi kusa da na zaiba ƙwarai. Mai lamba 675 ya fi ramin ƙanƙanta, sai ka sa masa zoben roba ya zauna. Aibinsa, da zarar ka ɓare takardar da ta toshe ƙofofin iskarsa ya fara mutuwa ke nan, ko ka yi aiki da shi ko ba ka yi ba. Amma don gwaji babu kamarsa. Da shi za ka fara, domin shi zai gaya maka ko batir ne laifin ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba.

Na biyu, batirin azurfa mai bolt 1.55, wanda shi ma ƙarfinsa tsayayye ne, a haɗa shi da ƙaramin dayod irin na Schottky, ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, da zai zubar da kusan 0.2. Akwai 'yar kwanso mai siffar PX625 da ake kira MR-9, dayod ɗin yana cikinta, ka jefa batir mai lamba 386 a ciki shi ke nan. Ni wannan na fi so, saboda ba a taɓa kyamara ba sam. Wasu suna liƙa dayod ɗin da dalma a kan wayar cikin kyamarar, yana aiki, sai dai duk wanda ya gaje ta bayanka ba zai san an yi ba, in ya sa batir mai 1.35 sai kuskure ya juya ta ɗaya gefen. In ka bi wannan hanya ka manna 'yar takarda a cikin murfin batir ka rubuta abin da ka yi. Ka kuma sani abin da dayod ke zubarwa yana ɗan canzawa gwargwadon wutar da ke ratsa shi, ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba, amma ya isa.

Na uku shi ne a ja wuta daga manyan baturan da ke tuƙa injin jan fim, a bi da ita ta ƙaramin abin daidaita wuta da zai fitar da 2.7 cif, a manta da ƙananan batura har abada. Gyara ne mai kyau a hannun wanda ya iya. Cikin Nizo a cunkushe yake, wayoyinta sirara ne kuma sun tsufa, ba wurin koyon dalma ba ne.

Kafin duk wannan ma, leƙa ramin batir da tocila. In ka ga kore-kore ko farin gari a kan ƙarfen, goge shi tas, ka auna da mitar masu gyaran rediyo ko wuta tana wucewa. Tsatsar tsohon batir takan bi waya ta ci ta daga ciki.

To, a ce wuta ta daidaita. Saura abu na biyu da ke sa ma'auni ƙarya, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. Lokacin da Kodak ta fito da Super 8 a 1965, dabararta ita ce mai kyamara kada ya saita komai. Kwanson fim mai ƙafa 50 yana da tsaga a gefensa, kyamara tana da ɗan ƙarfe da ke shafa tsagar. Gwargwadon tsawonta, gwargwadon saurin fim ɗin, wato yadda yake saurin jin haske. Tsarin ya tanadi matakai da yawa, amma da yake kusan kowa Kodachrome mai saurin 40 yake saye, sai daga baya Ektachrome 160, masu ƙera kyamarori masu araha suka sa maɓalli ɗaya tak: in an danne shi 40, in ba a danne ba 160. Aka yi shekaru babu wanda ya damu. Sai a 2005 Kodak ta daina Kodachrome 40 na Super 8 ta kawo Ektachrome 64T, nan asirin ya tonu. Kyamarar da ta karanta shi a 40 ta ba shi haske fiye da kima da kashi biyu cikin uku na mataki, wadda ta karanta shi a 160 ta rage masa mataki ɗaya da sulusi. Buɗe ƙofar fim ɗin taka ka duba: in fil ɗaya ka gani, saurin fim iri biyu take ganewa, in jerin filoli ne ko ƙarfe mai hawa-hawa kamar matakala, tana gane da yawa. Ina kyautata zaton taka tana cikin na biyun, amma ka gani da idonka.

Yadda wannan zai dame ka ya danganta da fim ɗin da ka sa. Na nagatif, irin Vision3, yana da haƙuri da yawan haske. Mai 50D (D na rana ne, T na fitila) in an karanta shi a 40, ko 200T a 160, sulusin mataki ne kawai, har ma yakan ƙara masa kyau. Ko 500T da aka karanta a 160, wanda ya kai mataki ɗaya da kashi biyu cikin uku, yakan jure a gyara shi wajen sikanin. Wanda ba ya yafiya shi ne fim mai fita kai tsaye, wanda ake haskawa a majigi yadda ya fito daga wanki, kamar Ektachrome 100D da aka dawo da shi a 2018, ko Tri-X baƙi da fari. Rabin mataki ma ana ganinsa. Gyaran nan a jikin kwanso ake yinsa, a ƙara tsawon tsagar da wuƙa ko a cike ta da ɗan roba, kyamara ba ta san an yi ba. Beaulieu 4008 ta huta da duk wannan, domin da hannu ake saita mata saurin fim.

Wani abin da ke rikita mutane: sa gilashi mai rage haske a gaban lensi don gyara kuskuren karatu yana aiki ne kawai a kyamarar da ƙwayar ma'auninta ke waje, a wata 'yar taga daban. A wadda ke aunawa ta cikin lensi, ma'aunin zai ga duhun ya ƙara buɗe ƙofa, ka koma inda ka fito.

Akwai kuma matacin haske mai launin lemo mai lamba 85 da ke cikin kyamara, wanda ke ba fim ɗin fitila damar aiki a rana, yana cin kashi biyu cikin uku na mataki. Shi ya sa 40 ke zama 25, 160 ke zama 100. Bayan shekara hamsin yakan dushe ko ya yi tabo. Wasu suna cire shi gaba ɗaya. Ban ga dalili ba, tunda kwanson fim ɗin rana da kansa yake ture shi gefe, ga kuma maɓallin da ke kawar da shi.

In batir ya daidaita, tsaga ta daidaita, kuma har yanzu allura tana kasala, to sai a zargi ƙwayar kanta. Tsofaffin kyamarori na shekarun 1950, masu taga kamar saƙar zuma, da ƙwayar siliniyam suke aiki, wadda ke haifar da wutarta daga haske ba batir. Danshi da tsufa suna kashe ta. Taka ta zamanin kadmiyam ce, ta fi jin ƙaramin haske amma tana da jinkiri, in ta fito daga rana zuwa ɗaki sai ta ɗan jima kafin ta dawo hayyacinta. Wannan halinta ne, ba lalacewa ba. Akwai 'yan ƙananan abubuwan murɗawa a ciki don saita ta, amma a nan zan ce ka kai wa gwani, ko aƙalla ka yi wa kowanne alama kafin ka taɓa shi.

Krasnogorsk ɗin kuma, ma'auninta ma batirin zaiba yake so, don haka maganin ɗaya ne, in kuma ya ƙi ka bar shi ka auna da na hannu a 1/60 idan kana gudun 24. Batun faɗaɗa tagarta da hoto ke faɗawa kan fim zuwa Super 16, tsarin da Rune Ericson na Suwidin ya ƙirƙiro a 1969, shi ne nake so ka jinkirta. Ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa. Tagar tana faɗaɗa ne ta gefe ɗaya, inda a da ake barin wurin sauti, don haka tsakiyar hoto ta gusa, sai an gusar da mazaunin lensi ya bi ta, sai an sassaƙe duk inda fim ke gogawa don kada ya karce sabon filin, kuma zum ɗinta na Meteor mai milimita 17 zuwa 69 yakan yi baƙi a kusurwoyi idan ka mayar da shi wajen 17. Ka ɗauki nadi biyu ko uku a yadda take tukuna, ka ga ko tana karce fim.

Ga abin da nake so ka yi da kwanso na gaba. Sa batirin iska. Samu kwali mai launin toka, irin wanda ke mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske, ka kafa shi a inuwa. Ɗauki daƙiƙa biyar a yadda ma'auni ya ce, biyar da ƙarin mataki, biyar da ragin mataki, kana nuna takarda mai lambar kowanne a gaban kyamara. Maimaita a rana, maimaita a ɗaki. A gudun 18 kwanson yana ba ka minti uku da daƙiƙa ashirin, gwajin ba zai ci ko rabinsa ba, sauran ka ɗauki yara da shi. Fim mai fita kai tsaye za ka sa, domin nagatif zai ɓoye maka kuskuren.

In an wanke ka turo mini, tare da hoton cikin ƙofar fim da na ramin batir. Ka gaida mai ɗakinka da yara da kyau.

Naka,
Bala