Wasiƙa ga Baffa kan sojanmu da ya kwanta a Garwa

Landan, Ingila

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da dukan mutanen gida. A gaishe mini da Gwaggo, Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonka ya iso kan ƙanen kakanku, wanda ya shiga soja zamanin Turawa, anka ce an kashe shi cikin rami a yaƙin Jamus wajen Garwa, a ƙasar Kamaru. Maganar tsofaffi ta yi daidai da abin da ke rubuce, sai dai yaƙin Garwa biyu ne, kuma sai mun san wanne kafin a nemi sunansa.

Na farko an yi shi daren 29 ga Agusta 1914, kamar mako guda bayan ƙaramar Salla, ana tsakiyar marka. Sojojin Najeriya sun taso daga Yola ƙarƙashin Kanar Maclear, sunka faɗa wa sansanin Jamusawa cikin duhu, har sunka karɓe ɗaya daga cikin ganuwowinsu. Da gari ya waye Jamusawa sunka dawo da bindiga mai jigida. Jigida ɗaya harsashi 250 ce, kuma bindigar na iya zazzage ta cikin rabin minti. Ramin da anka ƙwace da dare, masu shi sun san tsawonsa da kwanarsa, sun san inda za su girke bindiga ta share shi. Nan Maclear ya mutu tare da mutane da yawa, saura sunka koma Yola.

Na biyu a 1915 ne, ƙarƙashin Cunliffe tare da sojojin Faransa. Wannan karon ba a yi gaggawa ba. An kawo manyan igwa ta kogin Binuwai, aka shiga haƙa rami dare bayan dare ana matsawa kusa, har Jamusawa sunka miƙa wuya ran 10 ga Yuni, ƙarshen watan Rajab, farkon damina.

Ramin nan, Baffa, ka ɗauke shi kamar gwalalon bayan ganuwa, sai dai ya fi shi matsi. Zurfinsa kan wuce tsayin mutum, faɗinsa daidai mutum biyu su gifta da ƙyar. Ba a haƙa shi miƙe, ana karya shi kwana kwana, don in harsashin igwa ya faɗo ciki ya tsaya ga lungu ɗaya, kuma kada maƙiyi ya tsaya a baki ya harbe layi duka. Ƙasar da anka fidda ana tara ta gaba, a danne da buhunan rairayi, a bar ɗan matakala ciki inda soja zai taka ya yi harbi ya sauko. Wanda ke kan gaba wajen haƙa yana durƙushe ne da diga da shebur, kuma shi ya fi kowa shiga haɗari, domin da asuba sabuwar ƙasa launinta daban, daga nesa ake ganinta a saita igwa a kai. Ga ruwan sama: in ba a yi ɗan rijiya a ƙasan ramin ba, ruwa ya taru, bango ya jiƙe ya rufto kan mutane. Ruwan sha kuma in ya gauraya da ƙazanta, atini ya shigo, shi ma ya ɗauki rayuka ba kaɗan ba. Kuma mutanenmu ba takalmi sunka yi wannan yaƙi, a filin da ke shimfiɗe da waya mai ƙaya.

To ga abin da nake roƙo. A zauna da Gwaggo tun tana iya tunawa, a sa waya a ɗauki muryarta, kada a katse ta. A tambaye ta labarin mutuwar ya iso ƙauye bayan Salla ne ko da shuka, kuma waɗanda sunka kawo shi sun dawo da nasara ne ko an koro su. Wannan kaɗai zai raba mana 1914 da 1915. A tambayi sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da barikin da ya shiga. A duba tsoffin akwatuna da adudu ko akwai wata lambar girma, domin a gefenta ake buga suna da lambar soja, kuma ita ce mabuɗin komai.

Dalilin haka shi ne ba da sunan uba ake yawan rubuta su ba. Bature ya ji suna ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi, ya liƙa sunan gari a baya. Mutumin ƙauye sai ya zama wane Sokoto, kuma irinsu da yawa. Wasu ma da gangan sunka sake suna don kada gida a sani. A ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, nan Landan, akwai ƙananan katuna na waɗanda anka ba lambar girma, kowanne da suna da muƙami da lamba da runduna. Ba sunan uwa, ba na ƙauye. In babu lamba, za a sami mutum biyar masu suna ɗaya a rasa na ɗauka. Akwai kuma sunayen da hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta rubuta a wuraren tunawa na Zariya, Lokoja, Ibadan, Kalaba da Abuja, duk ana iya dubawa a intanet kyauta. Amma hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da sunka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba. Saboda haka kada a sa rai da kabari, kuma duk wanda ya zo da zancen zai karɓo muku diyya in an ba shi kuɗin takarda, a sallame shi.

Na san akwai masu cewa sojan Nasara ne, ba abin tunawa ba. Ni ban ga haka ba. Shekara 11 kacal tsakanin faɗuwar Sakkwato a Giginya a 1903 da wannan yaƙi, ga haraji, ga yunwar 1913 zuwa 1914 da ta kori samari daga gonaki. Ba mu san abin da ya fidda shi gida ba, amma Musulmi ne, jininmu ne, ya mutu nesa ba wanda ya yi masa sutura daga danginsa. Haƙƙinsa na addu'a yana kanmu.

Zan aiko da kuɗi ta hannun Yaya ƙarshen wata. A yi saukar Alƙur'ani, a yi sadakar gero ga mabuƙata da sunansa, a tara yara a gaya musu ko wane ne. Muryar Gwaggo kuma a turo mini ta WhatsApp da zarar an ɗauka, in fara nema.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka.