Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Aikin Saita Wutsiyar Jirgi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa masu tashin ƙananan jirage masu saukar ungulu na rimot a nan Jidda. Ga rahoton kwamiti kan ayyukan bana.

Fitar safiyar Juma'a ta ɗore, in ban da watan azumi da lokacin aikin Hajji, inda da yawanmu ke hidimar alhazai. Da zafi ya tsananta sai muka koma fita da an idar da asuba, don batirin LiPo da jiragen ke aiki da shi ba ya shiri da rana. Mun ci gaba da nisantar filin jirgin Sarki Abdul'aziz, kuma muna jaddada wa kowa ya yi rajistar jirginsa da GACA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Saudiyya, kafin ya kawo shi fili, musamman mu masu zama da iƙama.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne wutsiya. A yawancin jiragenmu, irin su T-Rex na kamfanin Align, babbar farfela tana bin juyin hannun agogo in an duba ta sama, gangar jirgin kuwa tana neman juyawa akasin haka. Ƙaramar farfelar baya ce ke riƙe ta, jairo (na'urar da ke gane juyin jirgi) na jin motsin, sarbo (ɗan injin da ke karkata fikafikan farfelar) na gyarawa. A zaman koyarwa na farko wani ƙaninmu ya kawo sabon T-Rex 450. Ƙafafunsa na barin ƙasa ya kama juyi kamar katantanwa, ya tada ƙura ya kife. Jairon ne aka saita a juye, maimakon ya tare juyin sai ya ƙara masa. Tun daga ranar muka sa doka: a cire wayoyin injin jirgin, a ɗauki jirgin a hannu, a karkata hancinsa dama, a gani da ido cewa fikafikan wutsiya sun motsa don maido shi hagu.

Ra'ayin kwamiti, kuma muna faɗarsa da babbar murya, shi ne mun cika gaggawar taɓa ƙarfin jairo a rimot. Gaskiya ne in ya yi yawa wutsiya na karkarwa da sauri, in ya yi kaɗan tana sakin jiki lokacin da jirgi ya yunƙura sama. Amma galibin jiragen da aka kawo mana da wannan koke, ciwon a ƙarfe yake. Ƙurar Jidda da danshin gishirin Bahar Maliya suna taruwa a kan sandar farfelar baya, zoben da ke zamewa a kanta ya riƙa cijewa, boris ya yi tsatsa. A ɓalle sandar turi, wadda ke haɗa sarbo da zoben, daga sarbo, a tura ta da ɗan yatsa, in ta tsaya ko da wuri guda ne, babu lambar da za ta warkar da ita. A goge, a shafa mai kaɗan ƙwarai, don mai da yawa ƙura yake kira. Sai a duba bel ɗin da ke juya farfelar baya, kada ya yi sako-sako har ya tsallake haƙoran giya, kada kuma a ɗaure shi tamau. Soson da ke manne jairo ma yana saki in an bar jirgi cikin mota da rana, a riƙa taɓa shi.

Bayan wannan ne ake zuwa saiti. Hannun sarbo ya tsaya a kusurwa 90 da sandar turi, a ƙayyade iyakar tafiyarsa hagu da dama yadda ba zai riƙa gurnani a ƙarshe ba. Sannan a ƙara ƙarfin jairo kaɗan-kaɗan har karkarwa ta fara, a rage. Asarar da ta fi yi mana ciwo bana ita ce ta sarbo: akwai mai aiki da sigina mai tsawon maikirosakan 760, akwai mai 1520, kuma in aka ba shi abin da ba nasa ba yana iya ƙonewa. A karanta takardarsa, a zaɓi nau'in a cikin jairo, sannan a jona.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗin shiga da na kayan gyara a taron shekara. Muna godiya ga dattawanmu da suka ba da aron motoci da rumfa, Allah Ya saka da alheri.

A baɗi, in Allah Ya kai mu, za a ajiye akwatin kayan wutsiya na bai ɗaya, da bel da boris da fikafikai na girman 450 da 550, kuma duk sabon jirgi sai membobi biyu sun duba wutsiyarsa kafin tashin farko. Mai son shiga wannan kwamitin dubawa ya ba da sunansa ranar taro.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti