Hoton CT shi kaɗai ba ya tabbatar da sankarar tantanin ciki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na lafiya na makon jiya. Baƙonku ya ce wai da mai kumburin ciki ya shiga na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki, magana ta ƙare, za a san ko sankarar tantanin ciki ce. Ba haka ba ne, kuma kuka bar maganar ta wuce ba gyara.

Abin da hoton ke nunawa shi ne ruwa ya taru, tantanin da ya lulluɓe hanji ya yi kauri, kitsen gaban hanji ya dunƙule, wani lokaci da ƙananan ƙululu. To, tarin fuka na ciki ma kusan haka yake fitowa, haka sankarar ƙwan mace idan ta bazu. Ƙululun da bai kai milimita 5 ba kuwa, sau da yawa hoton ba ya kama shi. A ƙauyukanmu na Jigawa tarin fuka ya fi wannan sankara yawa nesa ba kusa ba. Ita ba kasafai ake ganinta ba, an fi danganta ta da shaƙar ƙurar asbesto, wani ma'adini da ake sa wa a kayan gini, kuma takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana.

Tabbaci sai an tsinko ɗan nama daga tantanin, da allura ko da ƙaramar kyamara ta ɗan huji, an duba a ɗakin gwaji. Ko ruwan cikin da ake zuƙa yakan fito ba komai alhali ciwon na nan. Yanzu mutum ya ji shirinku, ya sayar da akuyoyi ya je Kano, ya ga an rubuta ana zargin sankara, ya kwaso majinyaci ya dawo gida jiran ajali, alhali wataƙila tarin fuka ne da ake maganinsa kyauta cikin wata 6. Alhakin wa?

Ko abin da ake yi kafin zuwa hoton baƙon naku bai faɗa ba: gwajin ƙoda kafin allurar rinin da ake sa wa a jijiya, barin abinci na kamar awa 4, sanar da likita in akwai juna biyu ko ana shan metformin, maganin ciwon suga. Rashin sanin wannan ne ke sa a ɗage wa mutum rana bayan ya biya kuɗin mota.

Sannan don Allah ku ɗauke shirin daga lokacin sallar Isha'i, rabinsa muna masallaci.

Mai sauraronku daga karkarar Ringim.