Halatta Wiwi Da Makomar Ƙananan Manoma

Zuwa ga Edita,

Na karanta rahotonku kan halatta tabar wiwi, sai dai bai taɓo halin masu nomanta ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan fara sayar da ita domin nishaɗi bisa doka a 2018, manyan kamfanoni sun cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas, kuɗin lasisi da haraji kuma suka durƙusar da ƙananan manoma da dama.

Haɗarin kamu ne ke sa ta tsada, da ya kau kuwa sai mai jari ya yi rinjaye. Ina ganin Maroko, wadda ta halatta nomanta domin magani da masana'antu a 2021, ya kamata ta ƙayyade girman gonaki, ta kuma sauƙaƙa wa manoman tsaunukan Rif da ke arewacin ƙasar samun lasisi.

Naku,
Mai karatu