Zuwa ga jikan Sarkawa, daga kan ƙanƙara

Assalamu alaikum mutumina,

Na san kana can kana zagina a zuci, wata uku ba kira ba amsa sai dai ka ga alamar na karanta, to ka yi haƙuri, aikin dare ne ya sako ni gaba, da asuba nake shigowa in zube kamar buhun gero. Ya Hajiya da ƙafar tata? Ya su Ummi, ya Abba da aka ce ya fara tafiya yana fasa muku kofuna? Saƙonka kan maganar filin nan na saurare shi har sau biyu kuma zan zo kansa, amma bari in fara sauke abin da ke cina tun ranar Lahadi, don in ban faɗa maka ba cikina fashewa zai yi.

Na kama kifi!

Eh ni ɗin, Bakatsinen da ka ce ko a randa aka saka masa tarwaɗa sai ta tsere masa. Kuma ba a kwale-kwale ba, a tsaye nake a tsakiyar ruwa da takalmina, don ruwan ya daskare ya zama ƙasa, kaurin ƙanƙarar ya kusa ƙafa 2. Akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare, ni Sarkin Ruwa nake ce masa, tun bara yake min naci sai ya kai ni, ni kuma ina ta zillewa don ban zo Amurka in mutu a firiza ba. Bana dai ya ci ƙarfina, na sayi lasisi a intanet (nan ko fatsa za ka jefa sai da takarda, ka ji fa), muka bar Portland, garin da nake zaune a jihar Maine, ranar Asabar muka kwana a garin Millinocket, kafin asuba muka hau wata hanyar motocin katako da suke kira Golden Road, ba netwok ba gida ba mai shayi, har muka isa tafkin Chesuncook. Dam ne ya kumbura shi, Ripogenus sunansa, wani kamfanin takarda ya gina shi sama da shekara 100 da suka wuce saboda koro gungumen itace ta kogin Penobscot, kamar dai yadda Kainji ta tare muku Kwara a 1968 ruwa ya cinye tsofaffin garuruwa. Ina tsaye ina kallon dutsen Katahdin fari fat sai na tuna bakin ruwan Yauri da warin kifin banda, wallahi har da ɗan hawaye amma shi ma daskarewa ya yi.

Kifin da muka je nema samon ne, amma ba wanda ka sani a talabijin ba mai zuwa teku ya dawo. Wannan jinsinsu ɗaya da na tekun Atlantika sai dai shi a ruwan daɗi yake rayuwarsa gaba ɗaya, shi ya sa bai kai wancan girma ba. Mutanen Maine ji suke da shi kamar yadda kuke ji da giwan ruwa, tun 1969 suka naɗa shi kifin jiha. Asalinsa ma a wurare huɗu kawai ake samunsa a jihar, ciki har da Sebago, tafkin da muke shan ruwansa a Portland, daga baya aka yi ta zuba shi a sauran tafkuna. A Sebagon nan aka taɓa ciro mai nauyin fam 22 da rabi a 1907, kusan kilo 10 kenan, har yau tsofaffi na ba da labarin kamar suna wurin.

Aikin kuwa ga yadda yake. Akwai dirila ƙatuwa mai batir, kamar ƙanwar ta masu haƙa burtsatse, da ita ake huda rami faɗinsa bai wuce faranti ba, a sa wani ludayi mai huji-huji a kwashe garin ƙanƙara. Sai a gicciya tarko a bakin ramin, itace ne da zare a naɗe a ƙasa cikin ruwa don kar ya daskare, a sama kuma ƴar tuta a lanƙwashe, kifi na jan koto tutar ta miƙe tsaye. Mutum ɗaya tarko biyar doka ta ba shi kuma dole kana kusa kana gani, ba irin mamarin kawunka da ake shimfiɗawa a tafi gida a yi barci ba. Koton wani ɗan siririn kifi ne simelt, ɗan uwan waranginku a ido, shi ne tuwon samon, inda simelt ya yi yawa samon ya yi ƙiba, inda ya ƙare sai ka ga kifi duk kai ba jiki. Dattijon ya ce abin da ya samu tafkin nan kenan, samon sun hayayyafa sun fi ƙarfin abincinsu, har hukuma na roƙon mutane su riƙa kwashe ƙananan.

To ga inda na yi katsinancin. Ni a tunanina ana wannan sanyi ai kifi ƙasa zai gudu ya lafe, sai na saki zare na yi ta saki har ya kusa taɓa ƙasa, duk ramukana biyar haka na yi, ban tambayi kowa ba don kar a raina ni. Awa biyu ina zaune kan bokiti kamar mai gadin maƙabarta, gemuna ya yi fari, dattijon kuwa tutarsa ta tashi sau uku. Da ya zo ya duba sai da ya yi dariya har da tari, ya ce can ƙasa wani kifin ne daban mai suna tog, samon a saman nan yake shawagi dab da ƙanƙara yana farautar simelt. Ya janye zaren ya bar koton kamar ƙafa 4 kawai a ƙarƙashinmu, wani ramin ƙafa 8, ya canza min ƙugiya zuwa ƴar mitsitsiya da siririn zare mai kama da ruwa da ɗan dalma ƙwaya ɗaya, ya soka ta a bayan simelt ɗin yadda zai ci gaba da iyo. Sannan ya ce in daina buga ƙafa, kifin yana ƙasan takalmina yana jin komai. Ka ji fa, awa biyu ina rawar sanyi a kan rufin ɗakinsu.

Af, wai da gaske ne Ɗanliti ya ƙara aure? A sitatus ɗin Bala na ga hoto da babbar riga, mutumin da har yau bai biya ni kuɗin cajar nan ba. In ka gan shi ka ce ina taya murna kuma ina bin bashi.

Ba a yi minti ashirin ba tutata ta miƙe. Na kwasa da gudu na sha ƙasa, na tashi na ƙarasa da rarrafe, zaren sai warwarewa yake fiii, dattijo na cewa kar ka fizga bar shi ya ɗan tafi, sai da ya lafa na ɗaga a hankali na ji nauyi. Ba sanda ba komai, da hannu tsirara ake ja, in ya ja ka sakar masa in ya gaji ka jawo, yatsuna kuwa kamar ba nawa ba. Sau biyu yana zuwa bakin ramin ya ga haske ya koma, wurin shigo da kansa cikin ramin nan ne yawanci ake asara. Na uku ya shigo, na sa hannu na wullo shi sama, fari tas kamar azurfa da ɗige-ɗige baƙaƙe, inci 15. Na yi kabbara da ƙarfi har wasu masu babur ɗin ƙanƙara suka juyo. Na san za ka ce wannan ai a Yauri mage ake ba, to magen ta zo ta kama a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili mu gani.

Abu ɗaya ne ya tsorata ni, ƙanƙarar tana nishi, wani gurnani mai tsawo daga ƙasa. Dattijon ya ce a tsakiya ba komai, a dam bakin gaɓa ne abin tsoro don ana sakin ruwa duk hunturu saboda wutar lantarki, ruwan ya sauka ƙanƙarar gefe ta tsage, sai kuma mashigar rafi inda ruwa ke gudu. Kaurin inci 4 ake so ƙanƙarar ta kai kafin mutum ya taka. Azahar da taimama na so yi na rasa ƙasa, ƙarshe da ruwan fulas na yi alwala cikin sauri, na shimfiɗa jaket na yi salla a kan ruwa, ka gaya wa Malam Hadi ya duba mana hukuncin wannan.

Na soya kifin da daddare da ragowar yajin Hajiya, naman ja-ja mai maiƙo, yajin kuma ya ƙare ƙarƙaf, in akwai mai tahowa kafin azumi a taimaka a haɗo da kuka da daddawa. Hoton na nan tafe in ka sa data, kar ka sake ka tura a gurup ɗin ƴan ajinmu don hular da na saka ba ta mutunci ba ce.

Ka gaida kowa, agogon aiki ya buga.

Naka,
Bakatsinen da ya fi ka iya su