Zuwa ga Abba, kafin ya tashi Alƙahira

Gwammaja, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, da kai da Kawunka da iyalinsa. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ummanku ta ce biza ta fito. Allah ya sa albarka, ya sa a gama lafiya. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka: in na zaunar da kai, "to Baba" kawai kake yi kanka a sunkuye, ka tashi ba ka riƙe komai ba. Takarda kuwa ka iya sake dubawa.

Maganar kati ce. Shekaranjiya a waya ka ce ai kana da ATM, ba matsala. Na ce karanta mini abin da ke rubuce a jikinsa, ka ce Verve. To wannan na gida ne. Daga Kano har Legas zai yi maka aiki, amma kada ka dogara da shi a Masar. Na'urorin can Visa da Mastercard suka sani, kuma tsakanin su biyun ban taɓa ganin bambancin da zai sa mutum ya tsaya zaɓe ba. Abin dubawa shi ne asusun da ke bayan katin, na naira ne ko na dala.

Sanda na fara fita sayo kaya ba mu san kati ba. Wapa za ka je a Fagge, ɗan canjinka ya ƙirgo maka dala, ka ɗura a lalita ka ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga, ko barci da ita kake yi. Da katin naira ya fara aiki a waje muka ce hutu ya zo: ka sa a na'ura a Dubai ta ba ka dirhami, banki ya cire naira a nan. Har na saki jiki na rage ɗaukar tsaba. A 2022 dala ta yi wuya, bankuna suka rage abin da mutum zai kashe a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe ɗungurungum. Bankina ya turo saƙo, ni ne ban karanta ba. Na tafi Umarar azumi, na tsaya biyan kuɗin masauki a Makka, yaron ya sa katin sau uku yana ƙi. Ga kuɗi jibge a asusu, ga mutane a bayana suna jira, ga ƙishirwar azumi. Wani abokin kasuwarmu na Kwari ne ya ranta mini riyal, sai da muka dawo na biya shi. Ummanku ba ta san wannan labarin ba, ba sai ka kai mata ba.

A 2025 bankuna da dama sun sake buɗe katin naira ga waje, kowanne da iyakarsa, kuma na san abokanka za su ce maka yanzu komai ya daidaita. Ni dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Ƙofar da aka rufe sau ɗaya da saƙon waya, ana iya sake rufe ta kana tsakiyar jarrabawa. Ga kuma faɗuwar naira. Farkon Yunin 2023 dala a banki ba ta kai 500 ba, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye wa ɗansa kuɗin abincin shekara da naira a lokacin, bai kai shi ƙarshen shekarar ba. Saboda haka asusun dala za ka buɗe da sunanka, ka karɓi katinsa. Ni zan riƙa saye ina zubawa duk sanda kasuwa ta yi daɗi. Katin naira kuma ka canza shi zuwa Visa ko Mastercard, a banki daban, ya zama na ko-ta-kwana. Kada ka haɗa su a jaka ɗaya.

Yanzu ka nutsu, don nan ne ake cin mutane ba su sani ba. Wata rana za ka sa kati a ATM ko a POS na kanti, na'urar ta tambaye ka: da dala za a cire maka ko da fam ɗin Masar? Hankali zai ce maka dala, tunda dala ce a asusunka, ga shi ma ta nuna maka adadin ƙarara. Ni ma haka na yi ta dannawa shekaru, ina jin na iya. Ashe in ka zaɓi dala, ka ba mai na'urar damar yi maka canji da farashin da ya ga dama, kuma ba ya taɓa sa farashin da zai cuci kansa. In ka zaɓi fam, kamfanin katinka ne zai yi canjin, farashinsa ya fi kusa da na gaskiya. Kamar ka shiga Wapa ne yaron da ya tare ka a bakin titi ya ce kawo in hutar da kai, alhali ga shagon mutuminka taku goma. Ko na'urar ta rubuto maka cewa ta tabbatar maka da farashi, ko ta sake tambaya sau biyu, fam za ka danna. In mai kanti ne ya riƙe na'urar, ka faɗa masa tun kafin ya taɓa.

Cirar kuɗi kuma caji biyu gare ta, na bankinka da na mai ATM ɗin, kuma galibi ko kaɗan ka cira ko da yawa sai ka biya. Mai zuwa kullum ya ciri na shayi da burodi, banki yake yi wa aiki. Ka ciri na sati biyu ko uku a tashi ɗaya, da rana, a na'urar da ke jikin reshen banki, don in ta haɗiye kati ka sami wanda za ka yi wa magana.

Layin wayarka na nan gida kada ka yar da shi don ka sayi na can. Ta kansa banki zai riƙa turo maka alat da lambar tabbatarwa in za ka biya wani abu ta intanet. Ka je ofishin kamfanin layin su buɗe shi ya yi aiki a waje, ka riƙa sa masa ɗan kati lokaci-lokaci. Layin da ya daɗe a kwance kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani, saƙon bankinka ya koma hannun wanda ba ka sani ba. Ka duba ranar mutuwar katin bankin ma. Karatun likita ya fi kati tsawon rai, sai ka lissafa hutun da za ka sabunta shi.

Duk da haka zan ba ka dala 400 a hannu, 'yan ɗari-ɗari masu shuɗin zare, don tsofaffin ana yi musu wulaƙanci a wajen canji. Ba na kashewa ba ne. Ka tuna Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, yaranmu ɗalibai suka maƙale, bankuna a rufe, kati ya koma roba. Ba fata nake yi ba. In ta kama ka canza, banki ko shagon canji mai lasisi za ka je. Masar ba Fagge ba ce, canjin bayan fage laifi ne a dokarsu, kuma tun da suka saki fam kasuwa ta sa masa farashi a Maris na 2024 ribar da ake rububi a kai ta tafi.

Katin bashi kuwa, irin wanda za ka kashe abin da ba ka da shi ka biya da ruwa, ko kyauta aka ba ka ban yarda ba. Ka san dalili. Lambar sirrinka kuma ba ta aboki ba ce, ko da ɗan unguwarmu ne kuke ɗaki ɗaya. In yana cikin matsi, ka ciro ka ba shi da hannunka.

Ka taho Lahadi, Litinin da safe mu je banki tare. Ka zo da fasfo, da lambar BVN da NIN, da hotuna. Ina so ka tambaye su da bakinka nawa suke caji a kowace cira a waje, nawa ne iyakar rana, da yadda za ka rufe katin daga manhajar waya in ya ɓata, ka rubuta amsar a gabansu. Katin yakan ɗauki kwanaki kafin ya fito, kuma sai mun gwada shi kafin ka hau jirgi.

Ummanku ta ce ka taho da akwatin, tana so ta ga inda yaji da kuka za su shiga. Ka gaida Kawunka.

Mahaifinka.