A Tuna da Kwazazzabon Tapoa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina da ƙorafi ɗaya. Shekarun nan, duk sa'ad da na ji sunan Gandun Dajin W a gidan rediyonku, to labarin 'yan bindiga ne. Yaranmu sun tashi suna zaton wurin maɓoyar miyagu ce kawai, abin kuma yana ci mini rai.

Na je Tapoa, wato mashigar gandun, ina ɗan makaranta, tafiyar kimanin kilomita 150 daga Yamai. Har yau ban manta da tsayuwata a bakin kwazazzabon ba. Kogin Tapoa ba wani babba ba ne, da rani ma yankewa yake yi, ya bar tafkuna nan da can, amma shi ne ya yi ta cin dutse damina bayan damina har ya tsaga shi, ya bar bango biyu suna fuskantar juna. A ƙasa ruwa kwance, birai na sauka sha, tsuntsaye na ta kai-komo cikin kogunan dutsen. Malaminmu ya ce mu yi shiru, muka yi. Da maraice sai ga giwaye sun ratso tsakanin itatuwan kuka.

Sunan dajin kansa daga Kogin Isa, wato Kogin Kwara, ya samo shi, inda ya yi lanƙwasa irin ta harafin W. An kafa shi a 1954, UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, kuma Benin da Burkina Faso na da nasu kason. Akwai ɓauna da gwanki da dorina, da ɗan abin da ya rage na zakunan Afirka ta Yamma. A da baƙi kan hau kwale-kwale su bi kogi, masu yi musu jagora da matuƙa daga ƙauyukan bakin ruwa su sami na cefane. Wannan abinci ya tsaya.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ku ware shiri guda. Ku nemo tsofaffin jami'an gandun daji da masu jagora, su faɗa da bakinsu abin da suka gani a Tapoa da bakin Kogin Mekuru, da halin da dabbobin ke ciki yanzu. Jikokina na tambayata yaushe zan kai su, ni kuwa sai dai in ce in Allah ya kawo zaman lafiya.

Naku,
Mai sauraronku daga Gaya